Filas Ya Shiga Tsakani

Mijin yayata mai aski ne, kuma tun bai yi furfura ba unguwa take kiransa Baba Tururi. Shi ya jawo wa kansa sunan. Idan aka miƙa masa shayi ba ya kurɓa, sai ya fara ɗaga kofin saitin taga, ya ƙanƙance ido ɗaya, yana duba ko tururi na tashi. In ya gani, an zauna lafiya. In bai gani ba, wanda ke kan kujerar aski ya shiga uku, domin shi za a kai wa ƙara, kuma ba a taɓa ganin mutum ya tashi ya gudu da rabin kai ba.

Ni ƙanwar matarsa ce. Rediyo yake kirana, wai an manta ba a yi mini maɓallin kashewa ba. Na yarda ina da baki, amma in muna wuri ɗaya da shi sai in koma 'yar kallo. A gidansu na tashi, daga can na tafi ɗakin miji, da mijin ya rasu na dawo na kama ɗakin da ke kallon nasu a bene guda. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Shagonsa yana tsallaken titi, daidai saitin tagar kicin ɗin Yaya. Ɗan tsukukun wuri ne: kujerar aski ɗaya, bencin masu jira, madubin da gefensa ya yi baƙi-baƙi, sai fanka mai kai da komowa tana raba wa kowa gashin wani. A nan ya fara da shara yana saurayi, a nan ya koyi riƙe almakashi, da mai shagon ya tsufa ya bar masa. Bai taɓa sha'awar wata sana'a ba, bai taɓa sha'awar wani gari ba. Ya aske iyaye, ya aske 'ya'yansu, yanzu jikoki yake ɗaura wa ƙyalle a wuya. Duk titin babu mai hargitsattsen kai kamarsa, don ba ya yarda kowa ya taɓa masa gashi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Kuma mutumin nan da ke iya zagaye kunnen yaro mai barci da reza bai farka ba, bai iya dafa ruwa ba. Na taɓa ganinsa tsaye gaban murhu yana kallonsa kamar zai tambaye shi hanya.

Matsalar mai aski da shayi daban take da ta kowa. Tela yana iya tsayar da keke ya kurɓa ya ci gaba. Mai aski kuwa hannunsa biyu a kan mutum suke, ga hoda, ga mai, ga gashi. Sai ya gama kai guda, ya kakkaɓe ƙyalle, ya wanke hannu, sannan ya koma kan kofinsa. Shi ya sa Baba Tururi ba ya auna kofi da agogo, da kai yake aunawa. A wurinsa akwai kofi mai rabin kai, akwai mai kai guda, akwai wanda ko sanƙo ba ya iya kaiwa. Kofin da zai riƙe zafi har kai biyu kuwa, in ji shi, ba a ƙera shi ba tukuna.

Yaya ce ke kawo shayin. Tun makon farko na aurensu ta hango shi ta taga yana hamma a kan wani bawan Allah, ta dafa, ta zuba a kofin ƙarfe, ta ɗora a tire, ta sauko matakala ta tsallaka titi. Ya gama kan da yake yi, ya ɗaga kofin saitin taga.

"Ya huce," in ji shi.

"Da zafinsa na sauko. Kofinka ne ba shi da amana."

"Ko dai hannun da ya kawo."

"To gobe ka hau ka ɗauka da naka hannun."

Washegari ta kawo. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana kawowa, da safe, da rana tsaka, da yamma. Ban taɓa jin sun gaya wa juna magana mai laushi ba. Sai dai ta tsaya bakin ƙofar shago, tire a kwankwaso, su yi ta faɗan kofi, kuma cikin faɗan nan ake gama duk harkar gida: famfo na yoyo, zazzaɓin auta ya sauka, wance ta haihu, babban yaro ya fara dawowa gida da ƙamshin turaren da ba nasa ba. Masu jiran aski sun san gidan Yaya ciki da waje. Idan ta juya za ta tafi sai ya bi bayanta da ido ta cikin madubi har ta tsallaka titi, almakashi na ƙas-ƙas a iska, mai kai yana addu'a.

Kofuna kuwa an sha gwagwarmaya da su. Kofin ƙarfen nan na farko shi ya fi shan zagi. Baba Tururi ya ce ƙarfe munafuki ne: ya ƙona maka yatsa, ya ƙona maka leɓe, ka ɗauka wuta ce a ciki, kafin ka gama ƙeya ya sallamar da zafin duka ya bar maka ruwan sanyi mai sukari. Aka koma tangaran. Tangaran, in ji shi, ɓarawo ne amma mai kunya. Da an zuba shayi sai ya fara cika cikinsa da zafin, in ya ƙoshi sannan ya tsaya gadin abin da ya rage. Yaya ce ta gano maganinsa, ta riƙa ɗauraye shi da tafasasshen ruwa kafin ta zuba. Nan take tangaran ya kai kai guda cur. Baba Tururi ya yi wata guda yana gaya wa masu aski dabarar da ya ƙirƙiro.

Tambulan ɗin gilashi bai daɗe ba. Ya ce gilashi ba ya riƙe sirri, balle zafi, kuma wata safiya mai sanyi ya tsage a kan tire tun Yaya ba ta kai tsakiyar titi ba. Kofin roba ya riƙe zafi ba laifi, sai dai shayin ya riƙa ɗanɗanon sabon bokiti. Wani direban babbar mota ya kawo masa tsarabar kofin katako; ya kai kai guda da gemu, amma duk shayin da aka zuba a ciki sai ya zo da gaisuwar na jiya. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne farin kofin nan maras nauyi da ake sha a yar. Ya riƙe zafi fiye da tangaran, abin da Baba Tururi bai taɓa yafe masa ba. Da fanka ta juyo ta kifar da shi a kan takalmin wani tela, murna ya yi. Ya ce dama abin da bai iya tsayawa da ƙafarsa ba ba za a ba shi amana ba.

Bayan wannan aka shiga zamanin murfi, aka kifa faranti a bakin kofi, wanda ya ƙara rabin kai kuma ya rage yawan gashin da yake sha. Aka shiga zamanin safa, da ya sa wa tangaran safar ƙafa guda, sabuwa in ji shi, ni dai ban shaida ba. Yana da wasu ra'ayoyi da babu mai raba shi da su. Ya yi imani jan kofi ya fi fari riƙe zafi. Babban ɗansa, da muke kira Injiniya saboda yana aikin injinan sanyaya ɗaki, ya sha gaya masa cewa launi ba shi ne magana ba, kauri ne da abin da aka yi kofin da shi, da faɗin baki, da murfi.

"Kai a littafi ka karanta," uban ya ce. "Ni sha na yi."

Injiniya ke da gaskiya. Na gwada a ɗakina da jan kofi da fari, tare suka huce kamar sun haɗa baki. Amma ban faɗa ba, don ba ni da ranar ɓatawa.

Haka ake tafiya har ranar da Yaya ta faɗi. Gwiwarta dama ta daɗe tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tana saukowa da tire a hannu biyu, ƙafa ta goce, ta zauna daɓas ta gangaro matakala uku ko huɗu. Allah ya taƙaita, ba ta karye ba, sai targaɗe da tsamin jiki. Da na iso na same ta zaune cikin shayi tana tambayar ko tangaran ya fashe. Likita ya duba ya ce kada ta ƙara saukowa da kaya a hannu. Mai irin gwiwarta hannunta a kan ƙarfen matakala ya kamata ya kasance. Injiniya ya ji, ya riƙe, kuma a ranar da yamma ya shigo da kwali a hammata.

Filas ne. Dogo, na ƙarfe, yana ƙyalli. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya yi mana bayani: bango biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma tsakaninsu babu komai, ko iska an zuƙe, don haka zafi ba shi da gadar da zai bi ya fita.

"Babu komai a tsakani?" in ji Baba Tururi.

"Babu komai, Baba. Shi ne sirrin."

"Wato ka je kasuwa ka sayo mana babu."

"Baba, Mama za ta cika shi da safe, ka sauka da abinka, ka sha har yamma da zafinsa. Ba sai ta ƙara taka matakalar nan ba."

Yaron ya dubi uwarsa yana jiran godiya. Ta ce Allah ya yi albarka, da muryar da ake yi wa mutum gaisuwar rashin lafiya. Shi bai lura ba, ni na lura. Yaro ne mai kirki, yana son uwarsa, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne. Sai dai bai san cewa shayin nan shi kaɗai ne ke sauko da Yaya daga bene ba, kuma shi kaɗai ne ƙofar da su biyun suka san bi su isa wurin juna. Filas ya zo ya rufe ƙofar da murfi mai zare.

Daga nan yaƙi ya tashi, kuma abin dariyar shi ne kowannensu a ɓoye yake yin nasa. Ranar farko Baba Tururi ya dawo yana cika yana batsewa, wai shayin filas ya yi sanyi ƙalau tun kafin kai na uku. Rana ta biyu haka. Na leƙa shagon da hantsi, sai ga filas a ƙarƙashin benci, murfi a gefe, baki a buɗe, an saita masa fanka.

"Mijin Yaya, wannan fa?"

"Iska yake sha. An ce an zuƙe masa duka, tausayi ya ba ni."

Na hau bene in kai rahoto, sai na tuna abin da na gani da safe: Yaya ta dafa shayi, ta juye a kwano mai faɗi, ta zauna tana fifita shi da murfin tukunya kafin ta ɗura a filas. Da na tambaye ta, cewa ta yi tana tsoron kada zafi ya lalata wa yaro sabon kaya. Wato ita tana aika shi da ɗumi-ɗumi, shi yana ƙarasa kashe shi, kowa yana zaton filas ɗin ne da gaske ba shi da kirki. Da yamma su zauna su haɗu a kan zaginsa. Ban taɓa ganin sun yi ittifaƙi a kan wani abu haka ba.

Ƙorafi ya kai kunnen Injiniya. Ya zo ranar hutunsa da safe da fuskar wanda aka zargi sana'arsa. Ya hau kicin da kansa ya dafa shayi a babbar tukunya, ya sa na taya shi kwaso duk kofunan da suka yi saura a gidan, na ƙarfe, jan tangaran, na roba, na katako, muka jera su a kan kantar shago. Ya cika kowanne, ya cika filas, ya murɗa murfin da hannunsa, ya zauna a benci ya rungume shi a cinya kamar an ba shi riƙon jariri. Shaidu biyu aka samu: telan da aka taɓa yi wa wanka a takalmi, da wani tsohon malamin makaranta da muke kira Mai Sanƙo, wanda ke zuwa aski duk mako ko da yake ban san abin da ake aske masa ba. Yaya tana taga tana kallo.

Baba Tururi ya yi ta aski yana wa'azi. Kai na farko, ƙarfe ya faɗi. Kai na biyu, roba da tangaran suka bi shi, katako ya ɗan yi gardama sannan ya miƙa wuya. Duk wanda ya faɗi sai ya yi masa addu'a ya faɗi tarihinsa. Rana ta yi tsaka, ta karkata, Injiniya bai motsa ba, ko banɗaki bai je ba, don ya san mahaifinsa. Sai da inuwa ta tsallako titi ya buɗe filas ya tsiyaya a murfin ya miƙa.

Inda Baba Tururi ya yi kuskure ke nan. Kwana da kwanaki yana shan shayin filas mai sanyi har ya yarda da ƙaryarsa. Bai ɗaga shi saitin taga ba. Ya karɓa da hannu ɗaya, ya ce, "Ku shaida," ya kafa kai ya yi babbar kurɓa.

Idanunsa suka firfito. Ba dama ya tofar, ga mutum a kan kujera, ga jama'a. Ba dama ya haɗiye. Ya yi ta zagaye kujerar aski kumatu a kumbure, hawaye na zuba, yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Tela ya zame daga benci don dariya. Mai Sanƙo ya ce a duk zamansa na unguwar nan yau ya fara jin shagon ya yi shiru. Ni ma na yi dariya har cikina ya ƙulle, ba zan ɓoye ba.

Da ya samu ya haɗiye, ya tsaya yana huci. Mijin yayata yana da taurin kai, amma ba ya ƙarya a gaban shaidu. Ya dubi filas, ya dubi ɗansa.

"Ya yi," ya ce, harshe a daskare. "Babu ɗin naka ya yi."

Injiniya ya yi murmushi ya tattara kofuna. Na ɗaga kai na dubi tagar kicin, sai na ga Yaya ta saki labule.

Bayan wannan babu sauran dabara. Kullum da safe ta cika filas da tafasasshen shayi, ya rataya ya sauka, ya dawo da shi da yamma. Shayi da zafi har kai goma, abin da ya yi shekara arba'in yana nema, ga shi a ƙarƙashin bencinsa. Kuma mutumin ya lalace. Ya daina wa'azi. Masu aski suka fara tambaya ko lafiya. Ya yi wa wani ɗan sanda aski ya bar masa tsibiri a ƙeya. Ya riƙa rufe shago da wuri, ya hau bene, su zauna shi da Yaya kowa yana kallon bango, don ba su saba magana a zaune ba, kuma babu kofin da za a fara da shi. Ta ce, "Ka dawo?" Ya ce, "Na dawo." Shi ke nan an gama hirar ranar. Ita kuma ta daina ɗaura ɗankwalinta mai kyau, tunda ba inda za ta. Ta rage cin abinci. Famfon kicin ya yi mako yana yoyo ba ta gaya masa ba, wai ba ta samu hanyar shigo da maganar ba.

Raina ya ɓaci. Tsofaffi biyu, ɗaki guda, gado guda, sun rasa bakin magana saboda gwangwani. Na sauka na same shi shago ba kowa, yana goge almakashin da ya riga ya goge.

"Mijin Yaya, wai kai bakinka ciwo yake? Ka ce mata ta sauko mana."

"Rediyo, kashe."

"Ba na kashewa, kai ka faɗa. Kana kewarta, tana kewarka, titi ɗaya ne tsakaninku. Ka buɗe baki."

Ya ajiye almakashin.

"Da shayi ne ke sauko da ita," ya ce. "In ta faɗi, laifin shayi ne. Yanzu in na ce ta sauko don ni, ta faɗi, wa zan zaga?"

Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina da na yi dariya ranar da ya ƙone. Na hau bene na samu Yaya a kicin tana tsince shinkafar da ba za a dafa ba sai gobe.

"Yaya, me likita ya ce ne?"

"Ya ce kada in sauka."

"Ina wurin. Cewa ya yi kada ki sauka da kaya a hannu. Bai ce kada ki sauka ba."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. "To in sauka da me?"

"Da ƙafarki."

"Hannu rabbana? In je in ce masa me? Mutane su ce me ya kawo ta?"

Shekara arba'in matar nan ba ta taɓa tsallaka titin ba tire ba, har ta ɗauka tiren ne ke da izinin shiga shagon, ita rakiya take yi. Na kira Injiniya a waya a gabanta na tambaye shi, ya ce ai dama likita ya ce tafiya kaɗan-kaɗan tana da amfani, muddin tana riƙe ƙarfe. Shi ya yi zaton Mama hutawa take so. Na ce masa ya ci gaba da sanyaya ɗakuna, zan kira shi in an buƙaci zato.

Ba ta sauka ranar ba. Washegari ma ta ce gwiwa. Rana ta uku da hantsi na ji an ƙwanƙwasa ƙofata, na buɗe, sai ga Yaya da ɗankwalin nan mai kyau, an kafa ɗauri.

"Zo ki wuce gaba," ta ce. "In na faɗo in faɗo a kanki, ke ce mai shawara."

Muka sauka a hankali, hannunta ɗaya a kan ƙarfe, ɗayan bai san inda zai sa kansa ba. Ta kama gefen zane, ta saki, ta sa shi a baya, ta dawo da shi. A tsakiyar titi ta tsaya ta ce ta manta wani abu a kan wuta. Na ce babu komai a kan wuta, na tura ta gaba.

Mai Sanƙo ne a kan kujera, an shafe masa kai da kumfa. Baba Tururi ya hango ta ta madubi, reza ta tsaya a iska. Ya juyo ya dubi hannayenta, dama da hagu, ya leƙa bayanta ko ni ce na riƙo tiren.

"Me kika kawo?"

"Ban kawo komai ba."

"Wani abu ya faru a gida?"

"Babu abin da ya faru."

"To me ya sauko da ke?"

"Ƙafata," in ji Yaya, tana hararata. "Ko an hana?"

Ya duba benci, ya ga gashi ya rufe shi. Sai ya dafa kafaɗar Mai Sanƙo.

"Malam, ɗan tashi."

"Da kumfar?"

"Ba inda za ta. Dama ba wani abin askewa."

Mai Sanƙo ya koma benci da ƙyalle a wuya, kumfa na gangarowa bayan kunnensa, bai yi ƙorafi ba, don ba ya son ya rasa kallo. Baba Tururi ya kakkaɓe kujerar aski sau biyu, Yaya ta hau ta zauna a ɗarare, tana kallon kanta a madubin da ta yi shekara arba'in tana gani daga bakin ƙofa. Shi kuma ya yi ta diri-diri. Bai taɓa karɓar baƙuwa ba. Can ya sunkuya ya jawo filas daga ƙarƙashin benci, ya murɗe, ya tsiyaya a murfin, ya miƙa mata da hannu biyu, har yana zubarwa.

Ta kai baki ta janye da sauri.

"Kai! Wannan ai wuta ce. Kashe ni za ka yi?"

"Ke kika dafa."

"Na dafa, amma ban ce a sha shi haka ba. Sai ya huce."

"Shayin filas ne fa," ya ce, yana kallon wani wuri can saman madubi. "Yana daɗewa."

"Wani ya ce maka sauri nake?"

Ta riƙe murfin a cinya da hannu biyu, ta gyara zama, ta fara: famfon kicin yana yoyo tun wancan makon, kuma shi ya gani ya yi kamar bai gani ba. Ya ce famfon tun asali ba a ɗaura shi daidai ba. Ta ce shi ya kawo mai ɗaurin. Ya koma kan Mai Sanƙo a benci, yana aski a sunkuye, yana mayar mata da amsa ta bayan kafaɗa. Na tsaya bakin ƙofa idona ya cika da hawaye, na ce gashi ne ya shiga.

Can sai na ga ya ajiye reza, ya lallaɓo ta bayan kujera da filas a hannu. Shayin da ke murfin ya fara hucewa, har Yaya ta ɗaga za ta kai baki. Ya tsiyaya mata sabo mai tururi a kai.

"Me ye haka? Yanzu fa ya kai sha!"

"Ya yi sanyi," in ji shi. "Jira wannan."